Na Raka Baffa Matsirga

Hoton da ya jawo tafiyar nan bai kai faɗin tafin hannu ba. Baƙi da fari ne, gefensa duk ya cinye, shekara da shekaru yana kwance cikin akwatin ƙarfen mahaifina tare da takardun fansho. Samari uku ne tsaye a kan dutse, sun naɗe wando zuwa gwiwa, a bayansu kuma wani farin abu ya tokare daga wannan gefe zuwa wancan, kamar an shanya alawayyo. Biyu na sani, mahaifina, Allah Ya jiƙansa, da ƙanensa Baffa. Na ukun baƙo ne a wurina. Ranar da na kai wa Baffa hoton a Tudun Wada, ya daɗe yana juya shi kafin ya ce, "Matsirga ke nan. Wannan kuwa abokinmu ne na Madakiya. Ko yana raye, oho."

Ashe yana raye. Wani abokin aikina ɗan Zonkwa ne ya bi dangi, cikin mako 2 ya kawo mini lambar wayar jikan mutumin. Da aka haɗa tsofaffin biyu a waya sai da katina ya ƙare, ba su gama gaisawa ba. Daga ranar Baffa ya kafa mini ƙahon zuƙa: sai na kai shi.

A Kaduna aka haife ni, a nan na yi karatu, a nan nake koyarwa. Na je Kano ba adadi, na je Legas, na je Yamai, Allah Ya nufe ni da zuwa Makka. Amma kudancin jiharmu, iyakata matatar mai. Ba nisa ya hana ni ba, don tafiyar ba ta wuce kilomita 200 da 'yan kai. Abin da ya hana ni shi ne abin da ya hana yawancin mutanen unguwarmu. Mun taso muna jin sunan Kafanchan ne kawai idan an yi rikici: 1987, 1999, 2011. Daga baya kuma ga masu garkuwa da mutane sun addabi hanyar Kachia. Sunan gari ya zama labarin rediyo, ba wurin da ake zuwa ba. Uwargidana da ta ji shirin, cewa ta yi, "Yanzu saboda ruwa? Ruwan da ke sauka a kan kwanonmu kullum bai ishe ku ba?" Ban da amsar da zan ba ta. Na dai nemi shawarar direbobin da ke lodin Kafanchan kullum, suka ce a fita bayan gari ya waye, a dawo kafin la'asar sakaliya, kada a yarda dare ya yi a hanya. Haka muka yi.

Wata Asabar ce cikin Satumba, damina ta nutsa. Mu uku ne: ni a sitiyari, Baffa a gefena da sandarsa tsakanin ƙafafu, sai ɗana mai shekara 16 a baya, wanda ya biyo mu don ya samu abin ɗorawa a WhatsApp. Tun kafin mu haye gadar Kaduna suka fara wasan jika da kaka. Yaron ya ce, "Tsoho, in ka zame a dutsen nan ni ba zan ɗauke ka ba." Baffa ya ce, "Ranar da nake tsalle a dutsen nan ubanka ma ba a san za a yi shi ba."

Mun wuce Sabon Tasha, Maraban Rido, Kujama, Kasuwan Magani. A Kajuru yaron ya leƙa yana neman gidan nan mai siffar ganuwa da wani Bajamushe ya gina a kan dutse, ba mu tsaya ba. Daga Kufana zuwa Idon daji ne, kowa ya yi shiru, Baffa yana jan carbi. Shingayen jami'an tsaro na nan jefi-jefi, wasu su ɗaga hannu ka wuce, wasu su leƙo su ga furfurar Baffa su ce "Baba, a sauka lafiya." Da muka shigo Kachia na ji wuyana ya saki, sai a lokacin na gane tun daga Kajuru a sanƙare nake tuƙi.

Kachia garin citta ne, kuma hancinka zai gaya maka kafin idonka. Yankin nan, da Jaba da Kagarko, shi ne ke noma mafi yawan cittar ƙasar nan, wadda ake yankawa a shanya, a ɗura a buhu, a kai har ƙasashen waje. Wanda ya sayar mana da mai ya ce tun annobar da ta faɗa wa citta a daminar 2023, wadda ta ruɓar da ita tun tana cikin ƙasa, manoma da yawa ba su miƙe ba, don irin shuka ma ya gagara saye. Wannan kuwa mun ji shi a jikinmu har Kaduna, lokacin da mai shayin bakin layinmu ya koma yi mana rowar citta.

Daga Kachia ƙasa ta fara sauya kama. Itatuwa suka ƙara tsawo da duhu, giginya da kwakwar manja suka fara bayyana, gonakin acca da gwaza da doya suka maye gurbin gero. Can gaba duwatsun Kagoro suka tsaya kamar bango, gajimare ya naɗe musu rawani. Waɗannan duwatsu su ne sirrin ruwan yankin. Iskar damina da ke tasowa daga teku ta kudu maso yamma, idan ta iso nan sai ta ci karo da su da tsaunukan Jos da ke bayansu, dole ta hau, in ta hau ta yi sanyi, ta sauke abin da ta ɗauko. Shi ya sa ruwan sama a Kafanchan ya fi na Kaduna yawa, ya riga shi farawa, ya kuma fi shi daɗewa. Maɓuɓɓugan da ke kan duwatsun nan ne ke haɗuwa su zama kogin da ke faɗowa a Matsirga.

Mun bar Zonkwa, ba a jima ba sai ga Madakiya. Jikan abokin Baffa, wanda zan riƙa kira Baba, yana jiranmu a bakin titi a kan babur, ya shige gaba har ƙofar gida. Baba ya fito da wata tsohuwar kwat a kan riga, ya tsaya ya ƙare wa Baffa kallo, ya ce, "Kai ne ka tsufa haka?" Baffa ya ce, "Kai da ka ga madubi yaushe rabonka?" Suka rungume juna, sandunansu suka faɗi ƙasa, mu yara muka tsinta.

An shimfiɗa mana tabarma a ƙarƙashin mangwaro, aka kawo gwaten acca mai zafi da dafaffiyar gyaɗa. Matar Baba ta riga ta tambaya ta waya abin da muke ci da wanda ba ma ci, har tukunya ta aro sabuwa daga maƙwabta, abin da ya ba ni kunya, don ni ban taɓa yi wa baƙo irin wannan tunani ba. Hirar duk da Hausa aka yi. Hausarsu irin ta kudancin Kaduna ce, mai sauri, ba ruwanta da bambanta mace da namiji: "Mama ya tafi kasuwa." Ɗana ya fara murmushi, na harare shi. Mutumin da ke jin yarensa, yana jin na maƙwabtansa biyu ko uku, ya ƙara da Hausa da Turanci, har Littafi Mai Tsarki da Hausa yake karantawa a coci, ba kai mai harshe ɗaya da rabi ne za ka yi masa dariya ba.

A nan Baffa ya yi tuntuɓen harshe. Ya ce, "Ku Kaje har yanzu kuna yin acca mai daɗi." Baba ya ɗaga yatsa yana dariya: "Bajju, Alhaji. Kaje ya mutu tun tuni, kai ne ba ka zo jana'iza ba." Haka abin yake a duk yankin. Waɗanda muke kira Kataf, Atyap suke kiran kansu. Jaba su ne Ham, Kagoro kuma Agworok. Sunan Kafanchan kansa daga Fantswam ya fito, mutanen da ke zaune a wurin tun kafin a kawo ƙarfen jirgi. Sunan ruwan da muka zo gani ma namu ne: matsirga, wato inda ake tsirgawa, daga kalmar nan da tsofaffi ke faɗa idan mutum ya diro daga kan doki ko katanga. Masu wurin suna da nasu sunan da yarensu. Baba ya faɗa mini sau uku, na maimaita sau uku, matarsa tana ta dariya daga madafa, na haƙura. Kogin kuwa, matasan gari Wandaful suke ce masa, da Turanci, wato abin mamaki.

Kafin mu gangara ruwa Baffa ya dage sai an fara kai shi tashar jirgin ƙasa, ya ga gidan da aka haife shi. Daga Madakiya zuwa cikin Kafanchan 'yan mintoci ne. Jirgi ne ya yi garin nan. A 1927 layin dogon da ya taso daga Fatakwal, ya bi ta Inugu da Makurɗi, ya samu haɗuwa da Kaduna, aka kuma fitar da reshe daga Kafanchan ya hau Jos. Dalilin bai wuce kuza ba: a sauko da ita daga Jos zuwa bakin teku, a hau da kwal daga Inugu. Da aka miƙa layi har Maiduguri a 1964, shi ma ta nan ake bi. Duk wanda zai je gabas ko arewa maso gabas a jirgi sai ya taka Kafanchan, sai garin ya cika da Ibo da Yarbawa da Hausawa da Tibi da mutanen ƙasa, kowa da aikinsa a reluwe. Har Sarkin Jama'a, wanda masarautarsa ta samo asali tun zamanin jihadi a ƙarƙashin Zazzau, ya taso da fadarsa ya dawo Kafanchan a farkon shekarun 1930. Kakana yana cikin waɗanda aikin ya kawo, mai zuba kwal ne a injin.

Abin da muka tarar ba sai na tsawaita ba. Taragai sun yi tsatsa a inda aka bar su, ciyawa ta haɗiye layi, awaki na kiwo a tsakani. Baffa ya nuna wani gida mai jan bulo ya ce nan ne, sannan ya nuna na kusa da shi ya ce a'a, wannan ne. Bai sauka daga mota ba. Ya ce, "Mu je ruwa."

Ruwan kuwa kunne ke fara gaisawa da shi. Mun ajiye mota inda hanya ta ƙare, muka bi wata 'yar turba ta cikin gonar masara, tun daga nan ake jin wani gurnani kamar tirela tana hawan tudu ba ta gamawa. Wasu matasa a ƙarƙashin bishiya suka karɓi kuɗin shiga, babu takarda, babu rasit, amma ɗaya daga cikinsu ya biyo mu ya riƙe hannun Baffa har ƙasa, don haka ban yi ƙorafi ba. Gangaren akwai santsi. Tsofaffin biyu suna tafe suna tsayawa, Baba yana gaba yana faɗin inda za a sa ƙafa, kamar jiya ya bar wurin. Iska ta fara sanyi, ganyaye duk a jiƙe alhali ba a yi ruwa ba ranar. Muka karya wata kwana, sai ga shi.

Na taɓa ganin hotonsa a waya, amma hoto ƙarya yake yi wa ruwa. Tsayinsa wajen mita 30 ne, kusan bene mai hawa 10, sai dai ba tsayin ne ya kama ni ba, faɗin ne. Kogi ne sukutum ya zo bakin dutse, ƙasa ta ƙare masa, ya tsirgo gaba ɗaya. A sama launinsa ja-ja ne kamar shayi da madara, saboda ƙasar gonakin da ya kwaso, amma kafin ya kai rabi ya zama fari fat, a ƙasa kuma ba ruwa ba ne, hayaƙi ne ke tashi. Baba ya sa baki a kunnena ya ce da rani ruwan rabuwa yake gida huɗu, kowanne da mazubinsa, dutse baƙi yana leƙowa a tsakaninsu. Yanzu da damina ta cika, huɗun sun kusa haɗewa sun zama labule ɗaya. In ka dube shi da kyau za ka ga inda ya fi kauri da inda ya yi shara-shara, nan ne iyakokin.

Magana ba ta yiwuwa sai da ihu. Feshin ya jiƙa mana riguna cikin minti 5, tabarau na ya zama ba shi da amfani, na cire na sa a aljihu. Da rana ta leƙo daga gajimare sai bakan gizo ya miƙe a cikin hayaƙin, ba a sama ba, a ƙasa da mu, kusa har kana ganin za ka iya taka shi. Ɗana, wanda tun daga Kaduna kansa ke sunkuye a kan waya, ya tsaya baki buɗe, wayar na rataye a hannu. Sai da na taɓa shi ya tuna abin da ya kawo shi.

Akwai wata rumfar dutse a gefe, inda dutsen sama ya turo ya bar lungu a ƙarƙashinsa, mutane da yawa za su iya fakewa. Ruwa ne ya sassaƙa ta. Leɓen da kogin ke tsirgowa daga kansa ya fi tauri, abin da ke ƙasa kuma feshi da dukan ruwa na cinsa a hankali, shekaru bisa shekaru, har ya rarake. Muka zauna a ciki, ƙarar ta ɗan ragu, ta koma wani amo da kake ji a ƙirji fiye da kunne. Jikin dutsen duk sunaye ne da gawayi da fenti, wane ya zo, wance tana son wane, da shekaru a gefe. A nan Baffa ya ce suke cin rake ranar Lahadi, su da 'ya'yan ma'aikatan reluwe, su tako da ƙafa daga gari. Turawan reluwe kuma su zo da kwandon abinci da kuku, su shimfiɗa bargo can nesa da feshi, in sun tashi yara su yi wawar gwangwanayen da suka bari.

Sai aka fito da hoton. Na sa shi a leda tun daga gida. Tsofaffin suka haɗa kai a kansa, sannan suka fito bakin rumfar suna neman dutsen da suka tsaya a kai. Ni a raina na riga na tsara yadda za a yi: su biyu su tsaya a inda suka tsaya, ni in tsaya a gurbin mahaifina, yaro ya ɗauka. Ashe ruwa bai san da shirina ba. Baffa ya nuna hagu, Baba ya ce ina, dama ne. Suka yi ta musu har matashin da ya rako mu ya karɓi hoton ya duba, ya ce, "Baba, ai wannan da rani aka ɗauka. Ga mazubi huɗu nan a fili. Dutsen nan yanzu yana ƙarƙashin ruwa, sai wajen Janairu zai fito." Kowannensu ya ce ai abin da yake nufi ke nan.

Ɗana ne ya yi tambayar da ban taɓa yi ba duk shekarun da nake ganin hoton: "To wa ya ɗauke ku?" Suka dubi juna. Baba ya ce wani yaron Ibo ne, ɗan akawun tasha, shi kaɗai ke da kyamara a cikinsu, su huɗu suke yawo ko'ina. A 1966, da rikicin nan da ya kori Ibo daga Arewa ya faru, iyayensa suka shiga jirgin gabas da abin da hannu zai iya ɗauka. Baffa ya ce shi ya riƙe masa akwati har cikin tarago. Ba su sake jin ɗuriyarsa ba. Ba wanda ya ƙara cewa komai, ruwa ya ci gaba da abin da yake yi. Can Baba ya ce, "Ya iya iyo fiye da mu duka," Baffa ya ce, "Ƙarya kake, na fi shi," aka koma musu.

Iyo kam ba a yi a wannan lokaci. Matashin ya ce tafkin da ke ƙasa yana da zurfi, ruwan kuma juyawa yake kamar ana tuƙa tuwo, ya ci mutane ba ɗaya ba, yawanci baƙi 'yan makaranta da ke zuwa yawon buɗe ido su raina shi. Na duba ko'ina ban ga allon gargaɗi ba, ban ga ƙarfen dafawa a gangaren ba, ban ga makewayi ba. Abin da na gani shi ne robobin lemo da ledojin ruwa sun taru a lungun duwatsu, wasu sun yi fari don daɗewa. A nan raina ya ɓaci. Ana ta maganar a jawo masu zuba jari, a gina otal, a kawo Turawa. Ni a ganina wurin nan ba otal yake nema da farko ba. Matakala yake nema mai ƙarfen riƙewa, da kwandon shara, da mutum biyu da suka iya ruwa suna tsaye ranar taro, da rasit don kuɗin shiga ya san inda za shi. Sharar kuwa ba wata hukuma ce ta zubar ba, mu masu zuwa ne. Na kama ɗana yana shirin ajiye robarsa a kan dutse, ya ga idona ya mayar da ita jaka.

Kuma ba wai ba a zuwa ba. Matashin ya ce ranar Kirsimeti da Sabuwar Shekara da Ista wurin ba masaka tsinke, da Sallah ma matasan cikin gari na zuwa. Ga bikin Afan da ake yi a Kagoro kowace ranar 1 ga Janairu, wanda ke tara jama'a daga ko'ina, da yawansu sukan biyo ta nan kafin su koma. Marigayi Gwamna Awan, wanda ya yi sarautar Kagoro daga 1945 har zuwa rasuwarsa a 2008, a zamaninsa bikin ya yi suna. Mu 'yan Kaduna ta arewacin gada ne dai ba a gani. Muna iya ɗaukar iyali mu tafi Gurara a jihar Neja, ko mu tsaya a Assop a hanyar Jos, amma namu na gida sai a hoto.

Yankin kuma ba ruwa kaɗai gare shi ba. Ƙauyen Nok, wanda sunansa ya zagaya duniya saboda mutum-mutumin yumɓu da aka fara tonowa a 1928 wajen haƙar kuza, yana ƙasar Jaba, ba nisa daga nan. Shahararren kan yumɓun nan da ake kira da sunan Jama'a, wanda ya isa hannun Bernard Fagg, Bature masanin kayan tarihi, sai da ya yi aikin korar tsuntsaye a gonar doya kafin a san darajarsa. Na karantar da wannan a aji ba sau ɗaya ba, daga littafi, ban taɓa tunanin cewa tankin mai ɗaya ne tsakanina da wurin ba.

Mun yi azahar a kan wani faffaɗan dutse nesa da feshi. Fitowa ta fi shiga wuya. Baffa ya tsaya hutawa sau huɗu, a na ƙarshe jikan nasa da ya rantse ba zai ɗauke shi ba ya durƙusa ya ce, "Hau, tsoho." Baffa ya ce sai dai ya kwana a nan. Ya ƙarasa da ƙafarsa, hularsa a jiƙe sharkaf, yana haki yana dariya.

Ƙarfe 2 ta wuce, maganar direbobi na kaina. Baba ya so mu kwana, matarsa har ta sa a kama kaza. Na ba da haƙuri. Aka cika mana but da doya da acca da wata jarkar zuma, aka ƙi karɓar ko sisi, abin da na miƙa wa jikan ma sai da na tura masa a aljihu da ƙarfi. Tsofaffin suka ja gefe suka yi magana ƙasa-ƙasa, ban ji abin da suka ce ba. Da za mu tashi Baba ya dafa tagar mota ya ce, "Janairu, Alhaji. Dutsen zai fito, mu ga mai gaskiya." Baffa ya ce, "In muna da rabon gani."

Hadari ya biyo mu tun daga Zonkwa, ya sauka a kanmu kafin Kachia, na rage gudu ina duban agogo. Baffa ya yi barci, kansa na jingine da gilashi. Sai da muka wuce Kujama, fitilun matatar mai suka bayyana, na tuna na ce wa yaron ya duba ledar hoton kada ruwa ya taɓa shi. Ya lalube jaka, ya lalube ƙarƙashin kujera, babu. Baffa, ido a rufe, ya ce, "Na bar masa."

Na ce, "Baffa, shi ke nan fa hoton mahaifina yana saurayi. Babu wani."

Ya ce, "Shi ma shi ke nan nasa. Aro na ba shi. In kana so, ka san hanya yanzu."

Ɗana ya miƙo wayarsa daga baya, ya ce ya ɗauki hoton tun muna cikin rumfar dutse. Na tsaya a gefen titi na duba. Ya ɗauka kam, a karkace, leda na ƙyalli a kan fuskar mahaifina, babban yatsan Baba ya rufe rabin ruwan.